Tarihin Dokta Edward Smith, Masanin Garin Fulawa Da Labarunsa Suka Haifi Wasan Yaƙin Taurari

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatin wasan nan mai allo irin na talabijin, ya jefa tsabar kuɗi, ya shiga tuƙa ɗan kumbo yana harbin abokan gaba cikin duhun sararin samaniya, to ya ɗanɗani wani abu daga gadon wani mutumin Amurka wanda bai taɓa ƙera irin wannan akwati ba, ya kuma bar duniya tun kafin a girke na farkonsu a gidajen wasa. Sunansa Edward Elmer Smith, amma masu karanta littattafansa sun fi saninsa da Doc Smith, watau Dokta Smith. Sana'ar da ya ci abinci da ita kusan duk tsawon rayuwarsa ita ce harhaɗa garin fulawar da ake toya donat, wani ɗan'uwan fanke mai huda a tsakiya. In ya tashi daga aiki kuwa, sai ya zauna ya rubuta labarun yaƙe-yaƙe tsakanin taurari.

An haife shi ne ran 2 ga watan Mayu, 1890, a garin Sheboygan na Jihar Wisconsin, a bakin tafkin Michigan. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, mahaifinsa kuwa ya yi aikin jirgin ruwa. Yana jariri iyayensa suka yi ƙaura zuwa Spokane a Jihar Washington, daga baya kuma cikin 1902 suka koma wani ƙauye a arewacin Jihar Idaho, ƙasar duwatsu da dazuzzuka. A nan ya tashi yana aikin ƙarfi kamar sauran samarin wurin. Yana da shekara 19 gobara ta rutsa da shi, garin tserewa ya ji rauni a wuyan hannu, abin da ya raba shi da aikin ƙarfi ya mai da hankalinsa ga karatu. Ya gama Jami'ar Idaho cikin 1914 a fannin injiniyan sinadarai. A jami'ar nan ya shugabanci ƙungiyar masu darar ces da ta masu kaɗa jita, ya kuma yi waƙa a wasannin kwaikwayo.

Da ya gama sai ya sami aikin gwamnati a birnin Washington, a hukumar da ke tsara ma'auni da ingancin kayayyaki, inda aka ɗora shi kan binciken kayan abinci irin su man shanu. Ran 5 ga watan Oktoba, 1915, ya auri Jeanne MacDougall, 'yar'uwar abokin ɗakinsa na jami'a, suka haifi 'ya'ya uku. Bai daina karatu ba. Ya sami digiri na biyu a Jami'ar George Washington cikin 1917, sa'an nan ya bi shi da digirin dokta, wanda bincikensa ya tsaya kan yadda sinadarin da ake faranta garin alkama da shi ke shafar kyan burodi da darajar garin a kasuwa. An buga wannan bincike a 1919. Daga nan laƙabin Dokta ya samo asali, ba daga aikin likita ba.

Shi dai rubutun labari ya faro ne daga hira. Wata rana da dare cikin 1915, Smith da matarsa suka kai ziyara gidan wani tsohon abokin karatunsa, Dokta Carl Garby, wanda shi ma yake zaune a Washington. Hira ta yi tsawo a kan yadda mutum zai iya tafiya cikin sararin samaniya, har aka ba Smith shawara ya zuba waɗannan tunane-tunane nasa cikin ƙagaggen labari. Ya so abin, amma ya ga labari ba ya tafiya sai da soyayya, shi kuwa ba ya jin zai iya rubuta hirar masoya. Matar mai gidan, Lee Hawkins Garby, ta ɗauki nauyin wannan ɓangare. Suka yi wajen sulusin littafin kafin ƙarshen 1916, sa'an nan suka ajiye. Sai a 1919 Smith ya koma kansa, ya kammala a 1920. Sunan littafin The Skylark of Space.

Jarumin labarin, Richard Seaton, shi ma masanin sinadarai ne mai aiki a ɗakin binciken gwamnati a Washington, kamar dai marubucin. Ya yi katarin gano wani baƙon ƙarfe wanda in ya haɗu da jan ƙarfe yakan saki ƙarfin da ba a taɓa ganin irinsa ba, sai shi da wani abokinsa attajiri suka ƙera kumbo. Abokin aikinsa Marc DuQuesne, mutum mai kaifin basira da ƙarancin tausayi, ya sace sirrin, ya kuma sace budurwar Seaton, aka shiga kora har aka fita daga yankin ranarmu ɗungum. A nan sabon abin yake. Marubutan da suka gabace shi, irin su Jules Verne na Faransa da H. G. Wells na Ingila, galibi ba su wuce wata da duniyar Mars ba. Smith kuwa ya kai mutanensa wasu ranaku da wasu duniyoyi masu nisan da hankali ba ya iya ƙiyastawa.

Masu buga littattafai ba su ga abin sayarwa a ciki ba. Shekara bakwai rubutun yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan ana dawo masa da shi. Sai da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories cikin 1926, wadda ba ta buga komai sai ƙagaggun labarun kimiyya, sa'an nan littafin ya sami gida. An biya shi dala 125, aka buga shi kashi uku daga Agusta zuwa Oktoba, 1928. Fitowar Agustan nan ce kuma ta ɗauko labarin farko na Buck Rogers, wanda daga baya ya shahara a zanen jaridu da silima. Masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙu suna neman ƙari.

A wannan lokaci Smith ya daɗe da barin aikin gwamnati. Tun 1919 ya zama babban masanin sinadarai na kamfanin niƙa na F. W. Stock and Sons a garin Hillsdale na Jihar Michigan, inda ya ƙware wajen haɗa garin donat wanda mai toyawa zai zuba wa ruwa kawai ya kwaɓa. Yana wannan aiki ya rubuta Skylark Three a 1930, da Spacehounds of IPC a 1931, da Triplanetary a 1934, da Skylark of Valeron wanda ya fara fita a mujallar Astounding a wannan shekara. A cikin Spacehounds ne ya raɗa sunan wani haske da ke kama jirgi daga nesa ya jawo shi kamar an ɗaura masa igiya, sunan da marubuta da masu shirya fim suka ara suka yi ta amfani da shi. Abin dariya shi ne masu karatu sun yi ƙorafi a kan wannan littafi, don bai fita daga yankin ranarmu ba. Ya riga ya saba musu da nisa.

Cikin watan Janairu, 1936, ya koma kamfanin Dawn Doughnut da ke Jackson, a Michigan ɗin dai, inda ya shafe kusan shekara guda yana aiki ba dare ba rana don kamfanin ya tsaya da ƙafafunsa. Bayan ƙura ta lafa ne ya fara babban aikinsa, jerin littattafan Lensman. Galactic Patrol ya fito a Astounding daga 1937 zuwa 1938, Gray Lensman daga 1939 zuwa 1940, Second Stage Lensmen daga 1941 zuwa 1942, sai Children of the Lens daga 1947 zuwa 1948. Daga baya ya gyara Triplanetary ya mai da shi mafarin jerin, ya kuma rubuta First Lensman a 1950 don ya cike giɓin da ke tsakani.

Labarin ya ginu ne a kan gaba tsakanin tsofaffin al'ummu biyu, mutanen Arisia masu hikima da mutanen Eddore masu son mulkin danniya, waɗanda suka shafe miliyoyin shekaru suna fafatawa ta hannun wasu. Mutanen Arisia ne ke bai wa zaɓaɓɓun dakaru wani abu mai ƙyalli da ake ɗaurawa a hannu, mai suna Lens, wanda ke ba mai shi ikon magana da kowace irin halitta ta zuci, ya kuma hallaka duk wanda ya ɗaura shi alhali ba nasa ba ne. Babban jarumin shi ne Kimball Kinnison. Amma abin da ya fi zama a zukatan samarin da suka karanta littattafan shi ne yaƙin kansa. Jiragen Smith na da garkuwar haske hawa-hawa, wadda ke sauya launi in wuta ta yi mata yawa kafin ta fashe. Kowane littafi makamansa sun fi na bayansa muni, har aka kai ga jifan abokan gaba da duniya sukutum. A cikin Gray Lensman kuma ya kawo wani babban jirgin kwamanda mai suna Directrix, wanda ke da wani katafaren wurin kallo inda kowane jirgin rundunar ke bayyana a matsayin ɗigon haske mai launi, don shugabanni su ga yaƙin duka a wuri ɗaya. Editan Astounding, John W. Campbell, ya rubuta masa wasiƙa cikin 1947 yana shaida masa cewa wani hafsan sojan ruwan Amurka ya ce daga wannan tunani aka ɗauki tsarin ɗakin tattara bayanan yaƙi na jiragen ruwansu.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Smith ya bar fulawa ya yi aiki a masana'antar harsasai ta Kingsbury a Jihar Indiana. A cikin gyararren Triplanetary akwai wani babi inda wani masanin sinadarai ya rasa aikinsa saboda ya ƙi sa hannu a kan harsasai marasa inganci, kuma wasu marubuta tarihinsa sun ɗauka cewa abin da ya faru da shi kansa ne ya rubuta. Bayan yaƙi ya koma sana'arsa ta garin donat a kamfanin J. W. Allen, har ya yi ritaya a 1957.

Ba a bar rubutunsa ba suka. Masu nazarin adabi sun ce mutanensa ba su da zurfi, nagari nagari ne ƙwal, mugu kuma mugu ne ƙirin, hirarsu ta yi kama da ta katako, kalmomin zuzutawa kuma sun yi yawa. Sun kuma nuna cewa mata ba su da wani babban matsayi a yawancin labarun, ga kuma yadda ake shafe al'umma guda daga doron duniyarta ba tare da jarumin ya yi ko ajiyar zuciya ba. Akwai gaskiya a cikin wannan suka. Zuwa shekarun 1950 sababbin marubuta irin su Isaac Asimov da Robert Heinlein sun sha gabansa, ko da yake Heinlein abokinsa ne mai girmama shi ƙwarai. Sai dai wannan sauƙin tsari da ake zarginsa da shi, watau jirgi biyu, kora da harbi da tserewa, shi ne daidai abin da ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa ta zamanin za ta iya ɗauka.

Cikin 1961 wasu samari uku, Steve Russell da Martin Graetz da Wayne Wiitanen, masu hulɗa da ɗakunan kwamfuta na jami'o'in garin Cambridge a Jihar Massachusetts, suka ji labarin cewa kamfanin Digital Equipment zai bai wa Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, wata sabuwar kwamfuta mai suna PDP-1. Kuɗinta a lokacin dala 120,000 ne, girmanta ya kai na manyan kabad-kabad, amma tana da abin da yawancin na'urorin zamanin ba su da shi, watau allo mai zagaye da ke nuna ɗige-ɗigen haske nan take. Samarin suka zauna shawarar abin da za su yi don nuna bajintar na'urar. Dukansu sun ƙoshi da littattafan Skylark da Lensman, Russell ma bai daɗe da gama karanta Lensman ba, don haka ba su sha wahalar zaɓi ba: jiragen sama jannati za a sa a kan allon, su yi faɗa.

Russell ne ya ɗauki rubuta umarnin na'urar, amma ya yi ta jan ƙafa yana cewa ba shi da wasu dabarun lissafi da ake bukata don juya jirgi. Wani abokinsu, Alan Kotok, ya je har kamfanin ya karɓo su ya dire masa, hanzari ya ƙare. Zuwa farkon 1962 wasan ya tashi, aka sa masa suna Spacewar. Jirage biyu ne, ɗaya siriri kamar allura, ɗaya kuma mai faɗin gindi, kowane da mai tuƙa shi, da man da zai iya ƙarewa da harsasai ƙidayayyu. Daga nan abokai suka yi ta ƙari. Dan Edwards ya sa wa tauraron da ke tsakiyar allo ƙarfin fizga, ta yadda duk jirgin da ya yi sakaci zai faɗa cikinsa ya ƙone. Peter Samson ya ga taurarin da aka watsa a bayan fage ba bisa ƙa'ida suke ba, sai ya zana taswirar sama ta ainihi. Graetz ya kawo dabarar ɓacewa, inda jirgin da aka ƙure zai yi layar zana ya ɓullo a wani wuri na dabam, amma in ya cika yi sai ya tarwatse. Kotok da Bob Saunders kuma suka harhaɗa 'yan akwatunan tuƙi na hannu, don maɓallan jikin na'urar suna gajiyar da 'yan wasa. An nuna wa jama'a wasan a bikin buɗe ƙofa na MIT cikin 1962.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Jiragen Smith na Lensman na da wata na'ura da ke cire musu nauyin tafiya, su tashi nan take su kuma tsaya cak. Samarin MIT kuwa ɗaliban kimiyya ne, sai suka bar jiragensu a ƙarƙashin dokar motsi ta gaskiya: jirgin da aka tura zai ci gaba da sulalawa ko an kashe injin, sai an juya shi an hura wuta ta ɗaya gefen. Wannan ne ya sa wasan ke da wuyar koyo, shi ne kuma daɗinsa.

Ba a sayar da Spacewar ba. Duk mai so yana iya kwafar umarnin a kan zaren takarda mai huji-huji ya tafi da shi, kuma da yake PDP-1 ɗin da aka ƙera ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, sai aka yi ta sake rubuta wasan don wasu na'urori a jami'o'i da ɗakunan bincike.

Shi kuwa Smith a waɗannan shekaru dattijo ne mai ritaya. Shi da matarsa sukan yi sanyin shekara a Clearwater ta Jihar Florida, in zafi ya zo su ja motar kwanansu zuwa Seaside a Jihar Oregon, suna tsayawa a tarurrukan masu sha'awar labarun kimiyya a hanya. Tun 1940 ya zama babban baƙo a taron duniya na biyu na irin waɗannan masu karatu a Chicago, a 1963 kuma aka karrama shi a taron Washington. Littafinsa na ƙarshe a jerin Skylark, mai suna Skylark DuQuesne, ya fito a mujallar If cikin 1965. Ya mutu a Seaside ran 31 ga watan Agusta na wannan shekara, yana da shekara 75.

Shekara shida bayan mutuwarsa wasan ya fita daga jami'a ya shiga kasuwa. Cikin 1971 Bill Pitts da Hugh Tuck suka girke Galaxy Game a Jami'ar Stanford, wanda Spacewar ne da ake jefa wa kuɗi. A shekarar nan dai Nolan Bushnell da Ted Dabney suka fito da Computer Space ta hannun kamfanin Nutting Associates, wasan bidiyo na farko da aka ƙera da yawa don gidajen wasa da mashaya. An yi kimanin guda 1,500, amma bai karɓu sosai ba, don masu zuwa mashaya sun ga tuƙinsa da wuya. Mutanen biyu suka kafa kamfanin Atari a 1972. A 1977 Larry Rosenthal ya kawo Space Wars na kamfanin Cinematronics, wanda ya fi kowane kama da na asali, ya kuma yi kasuwa.

Ba duk wasannin harbi na sararin samaniya ne suka biyo ta wannan hanya ba. Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira wa kamfanin Taito na Japan a 1978, dodanninsa sun samo siffarsu ne daga halittun Mars na H. G. Wells, kuma bindigarsa a ƙasa take tana zirga-zirga hagu da dama. Amma Asteroids na Atari, wanda Lyle Rains da Ed Logg suka yi a 1979 aka kuma sayar da kimanin akwati 70,000, jikan Spacewar ne kai tsaye: ga ɗan jirgi mai juyawa yana sulalawa, ga kuma maɓallin ɓacewa da hatsarinsa. Defender na kamfanin Williams, na 1981, shi ma ya riƙe wannan maɓalli. A Galaga na kamfanin Namco kuwa, na 1981, shugaban dodanni kan sauko da haske ya kama jirgin ɗan wasa ya ja shi sama, irin makamin da Smith ya raɗa wa suna shekara hamsin kafin nan.

Da kwamfuta ta shiga gidaje, sai fagen ya ƙara faɗi har ya fara kusantar girman da ke cikin littattafan. Star Raiders na Doug Neubauer, wanda aka yi don kwamfutocin Atari 400 da 800, ya zaunar da ɗan wasa a kujerar matuƙi, ya ba shi garkuwa da taswirar gungun taurari inda rundunonin abokan gaba ke matsowa. A Ingila kuma David Braben da Ian Bell suka fito da Elite a 1984 don kwamfutar BBC Micro, mai gungun taurari takwas, kowane da duniyoyi 256 da za a iya ziyarta.

A 1966 an sa Lensman cikin jerin littattafan da suka yi takarar lambar Hugo ta jerin da ya fi kowane a tarihi, amma Foundation na Asimov ne ya ci. A shekarar ce kuma aka fara bayar da wata lambar yabo don tunawa da shi, wadda aka fi sani da Skylark. An shigar da sunansa zauren fitattun marubuta labarun kimiyya cikin 2004, sa'an nan a 2007 wani kwamitin masana ya sa Spacewar cikin wasanni goma da ya ba da shawarar a adana a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka.